Dorinar da ke bayan ƙofar zaure

A gidanmu da ke Jekadafari akwai wata dorina da ta girme ni. A bayan ƙofar zaure take rataye jikin ƙusa, ta yi baƙi ƙirin saboda tsufa da maiƙon hannu. Kakanmu ne ya taho da ita daga Dukku, Baba ya gaje ta kamar yadda ya gaji buta da buzun salla. Idan wani namiji a danginmu ya fusata ya kai hannu, ba a tsayawa bin ba'asi, sai ka ji mata suna cewa, “Zuciyar gidan ce ta motsa.” Da wannan magana na tashi, kuma ita ce na zauna zan mayar labari a damunar bara waccan.

Tsarin da na yi ya burge ni ƙwarai a lokacin. Tagwaye ne, Hasan da Husaini, uwarsu ta rasu suna goye. Hasan ya zauna wurin ubansu a Dukku, gidan da ake karya kumallo da tsawa a kwana da bulala. Husaini kuwa kawunsu ya ɗauko shi ya kawo Gombe, ya riƙe shi a gidan da ko kaza ba a kora da ƙarfi. A ƙarshe Husainin nan da ba a taɓa ɗaga wa yatsa ba zai yi aure, wata rana da dare ya kwaɗa wa amaryarsa mari. Shi ke nan, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A waya nake rubutawa bayan sallar isha, duk kwana biyu in tura babi ɗaya zauren masu karatu na WhatsApp. Mutane suka karɓe shi hannu bibbiyu. Har kafin a zo wurin wasu sun hango inda na dosa, suna ta rubuto mini cewa jini ba ya ɓuya.

A babi na tara keken ya tsaya. Sau huɗu ina rubuta marin nan, sau huɗu ina gogewa. Na sa amarya ta ƙona miya, bai zauna ba. Na sa ta yi masa rashin kunya gaban abokansa, nan ma hannun ya ƙi tashi. Babi takwas na ɓata ina gina mutumin da in ransa ya ɓaci sai ya yi shiru ya fita, yanzu kuma ina so ya rikiɗe a layi ɗaya don kawai karin maganata ta fito gaskiya. Ashe ba hannun Husaini ne ke tashi ba, nawa ne na cusa a hannun rigarsa. In dai marubuci ne ya tura mutum aikata abu, mai karatu sai ya ji, kamar yadda harshe ke gane miyar da aka tsuga wa ruwa.

Na ajiye labarin mako uku na koma karatu, da niyyar samo hujjar da za ta tsaya mini. Abin da na samo bai tsaya mini ba. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an ɗauki yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, aka yi ta bin rayuwarsu har suka girma. A 2002 wasu masana, Avshalom Caspi da Terrie Moffitt da abokan aikinsu, suka duba mazan cikinsu game da wata ƙwayar halittar gado mai suna MAOA. Waɗanda ke ɗauke da nau'inta mai rauni, kuma aka gallaza musu suna yara, sun fi saura faɗawa cikin ta'adi da suka girma. Amma masu irin wannan nau'i da ba a gallaza wa ba, ba su fita daban da sauran mutane ba. Binciken da ya biyo baya bai haɗu a baki ɗaya kan ƙarfin wannan alaƙa ba, amma ni abin da na ɗauka ya ishe ni: iri kaɗai ba ya yin gona, sai ya sami ƙasa da ruwa. Husaini na da irin, ni da kaina na hana shi ƙasar.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin Joan Kaufman da Edward Zigler na 1987, waɗanda suka tattara binciken da aka yi kafin su suka ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka azabtar suna yara ne ke azabtar da nasu 'ya'yan. Ɗaya cikin uku ba kaɗan ba ne. Amma biyun da suka rage fa, ina suke a labarina? Babu su. Ba su a littattafanmu ma gaba ɗaya, don mutumin da ya haɗiye fushinsa ba ya tara jama'a a ƙofar gida.

Da na kai kukana wurin limamin masallacinmu bayan sallar asuba, dariya ya yi. Ya ce, “Malam, ai ba sai ka je Niyu Zilan ba. Ɗan Annabi Nuhu a gidan wa ya tashi? Annabi Ibrahim kuma ɗan wa ne?” Ya tuna mini hadisin da ke cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne ke juya shi. A hanyar komawa gida na lura cewa Bahaushe ma bai tsaya gefe ɗaya ba. Bakin da ya ce hali zanen dutse, shi ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, shi ya ce zama da maɗaukin kanwa ke kawo farin kai. Kowa na zaɓar wadda za ta wanke shi. Ni na zaɓi ta barewa, kuma yanzu na san dalili: in jini ne, to Baba ba shi da laifi, ni ma in ta faru ba ni da shi.

Gyaran gaske daga Adda ya zo, yayata da ke aure a Kumo. Ban san tana bin labarin ba sai da ta kira ni wani dare.

“Kai, wannan uban tagwayen Baba ne ko?”

Na fara kame-kame.

“Bar wannan. In shi ne, ka cuce shi, kuma ka cuce mu. Ka mayar da shi dodo. Ina tsiren?”

Na yi tsit. Wallahi na manta, ko in ce na so in manta. Duk ranar da Baba ya yi duka, da dare sai ya shigo da tsire a ƙunshe cikin takarda, ya zauna kan tabarma, ya fara kiran wanda ya daka. Ba ya cewa komai. Zai tura maka ƙunshin, kai kuma ka ci kana shessheƙa, yajin na haɗuwa da majina. Mun fi jin tsoron Baba a kan kowa, kuma mun fi ɗokin dawowarsa a kan ta kowa. Yaron da ya tashi a haka, duka da ƙauna a kwano ɗaya yake cin su, in ya girma raba su sai an sha wuya. Dodon da na rubuta ba wanda zai gaji halinsa, don ba wanda ke son zama dodo. Mutumin da ake gado shi ne mai tsiren.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce, “Kuma wa ke cewa a ɗauko dorinar?” Dada ce, kakarmu, tsohuwar da ke ɓoye mana ƙuli-ƙuli a gefen zane. Ita ke cewa, “Miƙo masa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Inna kuma in an gama ta shafa mana man zafi tana raɗa mana, “Ku yi haƙuri, haka Allah Ya yi shi.” A labarina mata ba su da aiki sai kuka a ɗaki. Ban ba su baki ba, alhali a bakinsu maganar gadon take kwana ta tashi. Ba don mugunta ba. Dada ma an yi mata, kuma ba ta da wata hanyar fassara abin da ya same ta sai ta kira shi tarbiyya.

Na so in sa babin kotu, har na tambayi wani abokina lauya. Ya nuna mini sashe na 55 na tsohon kundin Penal Code na Arewa, inda aka bar wa miji ƙofar “gyara” matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, sannan ya yi mini bayanin dokar tarayya ta 2015 da ta haramta cin zarafin mutane, ciki har da dukan mata a gidan aure. Na gode masa, na cire babin ɗungurungum. A gidaje irin namu magana ba ta kai wa gaban alƙali. A zaure take mutuwa, baffanni su taru, a ce a rufa wa juna asiri, a mayar da yarinya ɗakinta kafin magariba. Wannan zaman na rubuta a madadinsa, kuma ya fi kowane babi ba ni tsoro, don kowa a cikinsa mutumin kirki ne.

Saura abu ɗaya da ban so faɗa ba. Ina tsakiyar wannan gyara, ɗana mai shekara biyar ya ture kofin shayi a kan wayar da duk labarin ke ciki. Kafin in san inda nake na miƙe, igiyar caja na hannuna a ninke biyu. Yaron ya duƙa ya kare kansa da gwiwar hannu. Na san wannan duƙawar, tawa ce. Kuma ba a jini ya samo ta ba, a wurina ya koya, don sau biyu na taɓa zane shi na kira abin gyara. Zafin da ya taso mini daga ƙirji zuwa wuya gaskiya ne, ba na musun cewa da shi aka haife ni. Amma tsakanin zafin da saukar hannu akwai ɗan tsaiko kamar na numfashi ɗaya, a cikinsa kuma na ji wata magana ta zo bakina da muryar Baba sak: “Ni za ka raina?” Yaro ɗan shekara biyar da ya zubar da shayi, ina raini a nan? Na tuna umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna. Na zube a ƙasa cikin shayin, igiyar na hannuna har lokacin.

Wannan numfashi ɗaya shi ne babi na tara da na kasa rubutawa. Na ba shi shafi shida.

Ban juya labarin ya koma kishiyar na farko ba, don hakan ma wata dabarar ce mai arha. Husaini na bar masa zafin zuciyar gidan: yana fasa kofi, yana buga ƙofa, ya taɓa tafiya a ƙasa daga Pantami har Tashar Dukku cikin dare don kada ya yi magana. Amma ba a taɓa koya masa cewa jikin wani wurin sauke fushi ne ba. Hasan kuwa sanyin hali gare shi, ko murya ba ya ɗagawa. Shi ne ke duka, cikin natsuwa, bayan ya idar da salla, don ya yarda haƙƙi ne a wuyansa. Masu karatu da yawa ba su ji daɗi ba. Wasu sun so Allah Ya saukar wa Hasan da bala'i a babin ƙarshe. Wasu maza suka ce ina so in lalata tarbiyya, su ma an dake su ga shi sun zama mutane. Ban yi musu da su ba, don ni ma na sha faɗar haka.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe su. Baba ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, jikoki na hawa kansa suna ja masa gemu yana dariya. Da zan fita na leƙa bayan ƙofar zaure, sai ƙusa kawai. Raina ya yi fari, na koma ciki na tambayi Inna ko jefar da ita aka yi.

Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “A'a, yayanka Hamma ne ya aiko aka kai masa. Wai yaran sun fara ƙiriniya.”