Zanen abin da ke ƙarƙashin fako

Shagona a Tahoua ɗaki guda ne da rumfa, mu uku muke aiki a ciki, kuma yawancin abin da muke zanawa allunan faɗakarwa ne da malaman gona da ma'aikatan lafiya ke ɗauka zuwa ƙauyukan Adar. Da rubutun allunan shaguna na fara, kuma har yanzu shi ke biyan kuɗin haya idan babban aiki ya yi jinkiri.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne zanen tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki, da rabin wata, wato rami mai siffar rabin da'ira da ke tare ruwan sama, dabarun da manoman Illela da Keita ke farfaɗo da fako da su. Hoton kyamara yana nuna rami kawai, alhali ilimin yana ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka muke zana ƙasar kamar an yanka ta da wuƙa, a ga takin da aka zuba a gindin ramin, a ga hanyoyin da gara ke haƙawa tana bin takin, sannan a ga ruwan sama yana bin waɗannan hanyoyi har ya kai inda saiwar hatsi za ta same shi. Manomi ya daɗe da sanin gara a matsayin ɓarauniyar rumbu, don haka sai zane ya yi hujja sosai kafin ya yarda cewa a nan ma'aikaciya ce.

Rabin wata ya taɓa ba ni kunya. Na zana shi daga sama, na sa kibiya don nuna gangare, malamin gona ya duba ya amince. Da aka kai ƙauye, wani dattijo ya juya takardar sau biyu ya ce: «Malam, ta ina ruwan zai shigo?» Kibiyar ba ta gaya masa komai ba, kuma in aka juya bakin rabin wata ya dubi gangare maimakon tudu, ruwa zai wuce ta bayansa, wahalar haƙa ta tashi a banza. Na sake zanen da ruwa yana malalowa daga tudu, da mutum tsaye riƙe da shebur domin a gane girman ramin.

Tun daga ranar ba na buga komai sai na kai shi kasuwar Lahadi, na miƙa wa mutanen da ba su yi boko ba, na yi shiru ina sauraron abin da suka gani. Masu ba da aiki ba su cika son biyan kuɗin wannan yini ba, ni kuwa ina sa shi cikin lissafi tun kafin a yi ciniki.