Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daga Akra Zuwa Takoradi Ta Bakin Teku

Albasar Galmi da muka shigo da ita ba ta ƙare a kasuwar Agbogbloshie ta Akra ba, sai wani dillali ya haɗa maigidana, direban da nake yi wa yaron mota, da masu saye a Takoradi. Wannan a watan Agustan 2007 ne, wata guda bayan Gana ta canza kuɗinta, sidi 10,000 ya koma sidi 1. Kowa lissafi biyu yake yi a kansa, masu tallan bakin hanya kuwa da tsohon kuɗin suke faɗar farashi.

Hanyar ita ce N1, wadda ta taso daga Aflao a iyakar Togo ta dire Elubo a iyakar Kodebuwa, kimanin kilomita 540. Namu rabon bai wuce 200 da 'yan kai ba. Ni ɗan Tawa da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Kwara ba, na ɗauka da mun bar Akra teku zai bi mu ta hagu har mu isa. Ashe ba haka ba. Mun wuce Mallam, muka sha cunkoson Kasoa, muka wuce Buduburam inda a lokacin 'yan gudun hijirar Laberiya ke zaune tun 1990, babu ko ƙamshin ruwa. Winneba da Apam a bakin teku suke, amma mahaɗarsu kawai hanya ke nuna maka ta wuce.

Sai bayan Mankessim da Saltpond abin ya canza. A Abandze hanya ta sauko, ga teku nan shimfiɗe, ga wata tsohuwar ganuwar Turawa a kan tudu, ga kwale-kwale jere a kan yashi an yi musu fenti kala-kala. Na yi salati da ƙarfi. Maigida bai ko juyo ba, ya ce, "Kai yaro, ruwa ba ya gudu. Dubi gabanka."

A lokacin na ji haushi, amma gabana ɗin ne darasin. Daga Abandze zuwa Anomabo zuwa Biriwa, kwalta ta ratsa tsakiyar gari ne, mota ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. Gidaje na gefe guda, teku na ɗaya gefen, ko kuma makaranta a nan, rijiya a can. Lokaci ne da ƙananan kifi ke cika taru, saboda haka duk garin a kan hanya yake. Mata ɗauke da kwanon kifi a ka suna tsallakawa zuwa murhun banda, hayaƙi ya rufe titi, yara na bin iyayensu a guje, samari na jan igiyar taru suna waƙa. Maigida ya sauke giya tun kafin gida na farko, ya bar motar tana rarrafe, ƙafarsa a kan birki. Tirotiro, wato ƙananan bas ɗin haya, da manyan bas suna ta yi mana ham, suna wuce mu a inda bai kamata ba.

Na ce, "Alhaji, dare zai yi mana fa."

Ya ce, "Garin nan ya girmi kwaltar nan. Mu ne muka shigo musu tsakar gida."

Har yau ina ganin direbobi da yawa ba su gane wannan ba. Suna kallon garuruwan masunta a matsayin abin da ke ɓata musu lokaci, alhali mota mai buhu ɗaruruwa ba ta tsayawa a inda ka so, sai inda nauyinta ya yarda. Idan ka ga mutanen gari sun tara ƙasa sun yi tudu a kan kwalta da hannunsu, kada ka zage su. Tambayi wa suka binne.

A Yamoransa muka tsaya. Nan ne hanyar Kumasi ta rabu, nan kuma mata ke jera dokunu, tuwon masara mai tsami naɗe a busasshen ganyen ayaba. Da barkono da soyayyen kifi muka ci. Maigida ya nuna mini hanyar ta arewa, ya ce ta nan aka riƙa gangaro da bayi daga wajen Salaga, a Assin Manso ake yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su kurkukun bakin teku. Da muka wuce Cape Coast na hango farar ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, ban iya cewa komai ba. Mutanen da aka tura ta ƙofarta, da yawansu daga ƙasa irin tamu suka fito, mai gero da dawa, kuma su ma ranar ce suka fara ganin teku.

Mun haye kogin Pra a Beposo da la'asar sakaliya, muka shiga Takoradi ana kiran magariba. Garin cike yake da zancen man fetur da aka gano a cikin teku watanni biyu da suka wuce, da gasar ƙwallon Afirka da za a buga a Sekondi a farkon 2008. A zango muka sauka, inda wani dattijo da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba ya yi mana sannu da zuwa da Hausa tsantsa, ya sa aka kawo mana ruwan alwala.

Washegari aka sauke albasa, muka yi lodin bandar kifi. Ina ɗaure tamfol sai Maigida ya miƙo mini makulli, ya ce daga Beposo zuwa mahaɗar Komenda ni zan ja. Yadda hakan ta kasance, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.