Baya nake juya wa mawaƙi

Inna ba ta taɓa yarda da aikin nan ba. Duk ranar da ta gan ni da la'asar ina cusa safar hannu da bandeji a jaka, sai ta ce, "Ke dai kiɗa kike son ji, kin fake da asibiti." Shekarata uku ke nan ina zuwa wuraren wasan mawaƙa a nan Garwa, arewacin Kamaru, ina ba da agajin gaggawa, aikin sa kai, ko sisi ba a ba ni. Amma da za a tambaye ni launin rigar mawaƙi, wallahi ba zan iya faɗa ba. Baya nake juya masa, jama'a nake kallo.

Wasan ƙaramar sallar 2024 ya fi tsaya mini a rai. Sallar ta faɗo 10 ga Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, iskar da ke tasowa daga kogin Binuwai ma kamar daga bakin murhu. Mu huɗu ne: ni, wani abokin aikina, da samari biyu 'yan agaji. Tebur ɗaya, tabarma biyu, kula cike da ruwan leda da ƙanƙara.

Tun kafin a kunna lasifika na zagaya ƙofofi. Wannan ɗabi'a na same ta ne bayan 24 ga Janairu 2022, ranar da mutum takwas suka rasu a turmutsutsu a ƙofar filin Olembe na Yawunde, dab da wasan Kamaru da Komoros, muna nan muna murnar an kawo mana gasar kofin Afirka har filin Roumdé Adjia na nan Garwa. Mutane na ɗauka tattakewa ce ke kisa a irin wannan cunkoso. Galibi matsewa ce: ƙirji ya rasa inda zai buɗe, mutum yana tsaye numfashi ya ƙare. To, sai ga ƙofar baya an garƙame ta da kwaɗo, wai kada yara su sulale ba tikiti. Na ce da mai shirya wasan, "Alhaji, ko a cire kwaɗon nan, ko mu naɗe tabarmarmu." Ya yi ta ƙunƙuni, ƙarshe ya sa mai gadi ya buɗe. Na karɓi kwaɗon har da mabuɗinsa na jefa a jaka, don na san halin mutanenmu.

Wajen tara na dare aka kawo mini wata budurwa a sume, leshin sallarta ya jiƙe sharkaf. Ƙawayenta sun kewaye ta suna salati, ɗaya na ƙoƙarin ɗura mata ruwa, wata na neman albasa. Na riƙe hannun mai ruwan na ce, "Ƙanwata, bari. Wanda bai farfaɗo ba, ruwa huhunsa yake tafiya." Muka kwantar da ita, muka ɗaga ƙafafunta, na sassauta ɗaurin zanin, na sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata. Ba a yi minti biyu ba ta buɗe ido, tambayarta ta farko ina wayarta. Ashe tun safe ba abin da ta ci sai cincin. Na ba ta ruwan gishiri da sukari tana kurɓa a hankali: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta dube ni a ɗage, "Anti, ba allura?" Kullum sai an yi mini wannan tambayar. A wurinmu in ba a huda mutum ba, ba a yi masa magani ba.

Na biyun bai zo da sauƙi haka ba. Saurayi ne, yana jijjiga, kumfa a baki, abokinsa na rantsuwar aljanu ne. Na ja shi gefe na ce, "Ɗan'uwa, ni ba jandarma ba ce. Nawa ya sha?" Ya sunkuyar da kai ya ce tramol ne, tun la'asar. Ƙwayar nan in ta yi yawa tana kawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Na hana a sa masa cokali a baki, na kare kansa da ɗankwalina, ina duba agogo, don in ta wuce minti biyar lamarin ya fi ƙarfin tabarmata. Ta lafa a minti na uku. Muka juya shi kan gefensa, abokin aikina ya raka shi asibiti a motar wani bawan Allah, ta ƙofar bayan nan.

Ƙarfe biyu saura na shiga gida. Inna tana zaune kan darduma, wai zafi ne ya hana ta barci. Ina zazzage jaka sai kwaɗon Alhaji ya faɗo ƙasa. Ta ɗauka, ta jujjuya shi, ta gwada mabuɗin. Har yau da shi take kulle akurkin kajinta.