Wa ya auna ma'aunin da muke auna ɗaliban nas da shi?

Duk lokacin da jarrabawar firaktikal ta matso za ka ga hankalin kowa a makarantun nas ya koma kan ɗalibai, wane ya iya wance ba ta iya ba, ana ta bita har dare, amma ita takardar da malami ke riƙewa yana tik yana ba da maki, wato cekilis, da wuya ka ji an tambayi daga ina ta fito ko wa ya gwada ta kafin a fara yanke wa 'ya'yan mutane hukunci da ita. Ni kuwa a ganina nan gizo ke saƙar. In tiyar mai awo ta lotsa, ko waliyyi ne shi, awon da zai maka ba daidai ba ne.

Mu nan Zariya abin ya shafe mu sosai don garin masu koyon jinya ne, ga sashen nas na ABU, ga makarantar asibitin koyarwa a Tudun Wada, ga ta St. Luke's a Wusasa, kuma yaran da aka ce sun ci yau su ne gobe za su tsaya a kan iyayenmu a asibitin Shika ko na Gambo Sawaba.

Salon da ake yayi yanzu shi ne OSCE, wato jarrabawar gwada aiki tasha-tasha, wanda Kansul ɗin nas da ungozoma ta Najeriya ma take amfani da shi a jarrabawarta, haka masu tafiya Ingila aiki sai sun yi shi kafin a ba su lasisi. Ronald Harden da abokan aikinsa ne suka fito da shi a Dundee ta Sikotilan a 1975, don a daina abin nan na wani ya faɗa hannun ekzamina mai sauƙi wani ya faɗa hannun mai zafi. Ana jera tashoshi, kowace da aikinta, 'yan mintuna a kaɗa ƙararrawa ka matsa gaba, kowa aiki iri ɗaya takarda iri ɗaya. George Miller kuma, wani masanin koyar da aikin likita, a 1990 ya raba iya aiki hawa huɗu, sani, sanin yadda ake yi, nunawa, sai yi a bakin aiki na gaske. OSCE a hawa na uku ya tsaya, wannan a riƙe shi.

To ya ake haɗa takardar? Ba wai malami ɗaya ya zauna da daddare ya kwafo daga intanet ba. Za a fara rubuto matakan aikin daga manhaja da littattafan aiki, sannan a ba ƙwararru, kuma don Allah a sa metiron da sistocin da ke wod kullum, kada a tara malaman aji zalla. Kowannensu ya ba kowane layi maki 1 zuwa 4 kan muhimmancinsa, a ƙirga waɗanda suka ba da 3 ko 4 a raba da yawansu. In ƙwararrun sun kai shida zuwa goma, ƙa'idar da wata mai bincike kan aikin nas, Lynn, ta kawo a 1986 ita ce layi ya samu 0.78 ko sama, misali mutum 7 cikin 9 su yarda, in bai kai ba a gyara ko a cire. Sai gwaji a kan ɗalibai kaɗan, a lissafa alfa ta Cronbach, wani ma'aunin ƙididdiga, wadda yawanci ake so ta kai 0.7. Wannan ɓangaren kwamfuta na yin shi cikin minti ɗaya, kuma gaskiya mutane sun cika ɗora masa kaya, da alfa ta yi kyau sai a ce shi ke nan takarda ta inganta, alhali abin da take nunawa kawai layukan suna tafiya tare ne.

Inda aikin yake shi ne ka zaunar da ekzamina biyu su kalli ɗaliba ɗaya ba tare da sun haɗa ido ba. Na ga an yi haka a tashar awon BP. Layin ya ce "ta yi wa majinyaci bayani yadda ya kamata". Yarinya ta shigo ta yi sallama ta ce Baba zan auna jininka, ta kama hannu. Ɗaya ya ba ta cikakken maki, ɗayar ta ba ta sifili, wai ba ta faɗi sunanta ba, ba ta ce abin zai matse hannu ba, ba ta jira Baba ya ce to ba. Duk cikinsu ba mai laifi, layin ne bai faɗi komai ba. Da aka fasa shi gida uku, ta faɗi sunanta, ta faɗi abin da za ta yi, ta nemi izini, sai rigima ta ƙare. Haka "ta auna daidai" ya koma abin da ido ke gani: hannu na daidai saitin zuciya, abin ɗaurawar daidai kaurin damtse ba a kan riga ba, ta hura iska lamba 20 zuwa 30 sama da inda bugun jijiya ya ɓace, ta sassauta a hankali kamar 2 zuwa 3 a daƙiƙa ba ta sake shi fuu gaba ɗaya ba. Akwai lissafin kappa na Cohen da ke nuna yawan daidaituwar masu ba da maki bayan an cire dace, in ya yi ƙasa to ko layi ne da matsala ko ekzaminonin na buƙatar horo, sau tari duka biyun.

Amma cekilis ma tana da nata. Yara sun gane ta, sai su haddace su zo suna rerawa, na wanke hannu na ja labule na duba suna, hannu na murzawa a iska ido na kan ekzamina, mutum-mutumin da ke kan gado ko kallo bai samu ba. Binciken da aka yi a Toronto ta Kanada a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna gogaggun likitoci na iya samun maki ƙasa da ɗalibai a cekilis don su ba sa bin layi-layi, shi ya sa ake haɗawa da maki na gaba ɗaya inda gogaggen ekzamina zai ce wannan zan iya bar mata majinyaci ko a'a. Kuma layuka ba nauyinsu ɗaya ba, wanda ya manta gyara zanin gado da wanda ya zuƙi allura bai duba sunan magani da ranar lalacewarsa ba bai kamata su rasa maki iri ɗaya ba.

Sai maganar takardar da aka ɗauko daga waje. Ingancin da aka tabbatar a Amurka ba ya biyo ta cikin jaka, dole a sake gwadawa a nan. Majinyatanmu tsohuwa ce daga Giwa ko Soba da ba ta jin Turanci, ga kunya, ga miji ko suruka a gefe da sai an yi da su, ga mai azumi da zai ce maganin rana sai an sha ruwa. Ɗalibin da ya zuba bayani da Turanci a tasha ya kwashe maki, ba mu san ko zai iya da ita ba sai an sa tashar da mai kwaikwayon majinyaci ke Hausa zalla.

Hawa na huɗu kuwa, wato yi a bakin aiki na gaske, logbuk, littafin da ake rubuta ayyukan da ɗalibi ya yi, ne ya kamata ya kama shi lokacin fostin a asibiti, in har sista ta sa hannu a ranar da ta ga aikin da idonta ta rubuta abin da za a gyara. Wanda aka tara shafi talatin aka kai mata ranar Juma'ar ƙarshe tana shirin miƙa aiki, sa hannu kawai ya nuna.