Yadda Ake Gina Jimla a Harshen Swahili

Abu na farko da ya kamata mai koyon Swahili ya fahimta shi ne, kalmar aikatau guda tana iya zama cikakkiyar jimla. A cikin "ninasoma", wato ina karatu, "ni" wakilin suna ne, "na" tana nuna lokacin yanzu, "soma" kuma ita ce saiwar. Idan aka sa "li" a gurbin "na" aikin ya wuce, idan kuwa "ta" ce, yana nan tafe.

A ganina, wahalar tana wajen rukunonin suna, domin sifa tana bin ɗafa-goshin sunan da take bayyanawa, wato gaɓar da ke farkonsa: littafi mai kyau "kitabu kizuri", jam'insa "vitabu vizuri". Jinsi kuwa babu ruwan Swahili da shi, "yeye", wato shi ko ita, ta wadatar ga namiji da mace.