Idan aka zo neman auren mahaifiyarku

Da ku nake, 'yan shekara ashirin zuwa talatin da wani abu, waɗanda Allah ya yi wa mahaifinku rasuwa ya bar muku uwa da sauran ƙarfinta. Wata rana wani zai aiko neman aurenta, kuma da yawanku abin zai tsaya muku a rai. Ni ya tsaya mini, na hana. Yau na haura hamsin, ita kuma ta rasu, babu sauran hanyar gyara abin da na yi sai in gaya muku.

Mahaifinmu ma'aikacin masaka ne a unguwar Kakuri da ke Kaduna, can aka haife mu duka. Rikicin Fabrairun 2000 ya tashe mu, muka tsallako kogi zuwa Rigasa kamar dubban iyalai. Masaƙu suka yi ta durƙushewa, Baba ya zauna babu aiki, bai daɗe ba ciwo ya kwantar da shi har rai ya yi halinsa. A lokacin Hajiya ba ta cika hamsin ba, don da ƙuruciya aka yi mata aure. Ta gama takaba, shekara ta zagayo, sai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, mazaunin Tudun Wada, wanda shi ma matarsa ta rasu, ya aiko ta hannun limamin unguwa.

Ni ne ɗan fari. Kun san alkunyar iyayenmu: ko sunana ba ta faɗa, balle ta zaunar da ni ta ce tana son aure. Ƙanwarta ta turo. Inna ta ce, "Babangida, ana neman auren Yaya, kuma ba ta ce a'a ba." Na ce, "Haba Inna, da jikokin nata? Me ta rasa a gidan nan?" Na tara ƙannena, suka bi bayana. Amsar da ta dawo daga ɗakin Hajiya gajeriya ce: tunda yaran ba sa so, a bar maganar. Ba ta sake tayar da ita ba har ta koma ga Allah.

Wannan tambaya ta "me ta rasa" ita ce kuka fi yi, kuma ita ce ta fi cutarwa. Ni lissafina buhun shinkafa ne, da atamfar Sallah, da kuɗin magani, da kujerar Makka da muka haɗa muka biya mata. Duk mun yi. Amma da safe kowa ya fice, matanmu su aje mata yara su tafi makaranta ko biki, ta wuni tana raino. Bayan isha'i kowa ya shige ɗakinsa da iyalinsa, ita ta ja ƙofa da rediyonta. Maƙwabtan da ta yi shekara da shekaru da su a Kakuri, Musulmi da Kirista, rikici ya watsa su, wasu Kawo, wasu Sabon Tasha, wasu sun koma garuruwansu. Babu sa'anta ko ɗaya a gidan. Akwai maganar da uwa ba za ta taɓa yi da ɗanta ba komai kusancinsu: tsoron da take ji idan ƙirjinta ya riƙe cikin dare, ɓacin ran da suruka ta jawo mata, hirar mutanen da suka shuɗe waɗanda mu ko sunansu ba mu sani ba. Mace mai shekara hamsin tana so a tambaye ta yadda ta kwana, tana so ta yi lalle saboda wani, ta dafa abinci a yaba. Mu mun ɗauka wannan duk an binne shi tare da Baba.

Da na zauna da kaina daga baya, na gane ba don ita na hana ba. Kishin mahaifina ne, da kunyar kada a majalisa a ce uwar wane ta zama amarya, sai kuma wanda ba a faɗa a fili, wato gida. Ina tsoron wani ƙato ya shigo gadonmu. Wannan tsoro rashin sani ne. Matar mamaci mai 'ya'ya tumuni take da shi, kashi ɗaya cikin takwas, kuma haƙƙinta ne ko ta yi aure ko ba ta yi ba. Sabon miji ba shi da komai a cikin rabonku. Abin da zai iya samu shi ne rubu'in dukiyarta ita kanta, idan ta riga shi rasuwa, kuma Allah ne ya ba shi. Da mun raba gado da wuri, a gaban malamai ko kotun Shari'a, kowa ya riƙe takardarsa, da wannan fargaba ba ta samu wurin zama ba. Mu kuwa muka bar gidan a dunƙule muna cewa zumunci ne, alhali rashin rabon ne ya ɗaure ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina ganin kaina mai addini. Ina zuwa tafsiri Masallacin Sultan Bello duk azumi, na sha jin ayoyin nan suna wucewa. Aya ta 234 a Suratul Baƙara ta yanka takaba wata huɗu da kwana goma, ta ce idan sun cika babu laifi a kanku cikin abin da suka yi da kansu bisa alheri. Aya ta 32 a Suratun Nur ta ce a aurar da marasa aure daga cikinmu, ba ta sa iyakar shekaru ba. Hadisi ya inganta cewa bazawara ta fi waliyyinta iko da kanta. Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, da Annabi (SAW) ya nemi aurenta bayan rasuwar Abu Salama, ta kawo uzurin shekaru da 'ya'ya da kishi, bai ɗauki ko ɗaya a matsayin abin da zai hana ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ɗa ne ke kan gaba a waliccin uwarsa, har ya riga mahaifinta. An ba ni wannan matsayi don in ɗaura, na yi amfani da shi na toshe.

Ku duba kuma yadda muke yi idan uwa ce ta rasu. Kafin a yi sadakar arba'in 'yan'uwa sun fara cewa a samo wa Baba mai kula da shi, kuma daidai ne. To me ya sa kaɗaicin namiji ya zama lalura, na mace ya zama abin kunya?

Ban ce ku miƙa ta ga duk wanda ya yi sallama ba. Akwai masu bin zawarawa don gida ko fansho ko garatutin mamaci, yanzu har ta Facebook da WhatsApp suke farauta. Aikinku a nan shi ne bincike, irin wanda za ku yi wa ƙanwarku. Ku je unguwarsu, ku tambayi liman da mai unguwa, ku ji yadda ya zauna da matarsa ta farko, musamman lokacin jinyarta. Ku san ko yana da wata matar, da yadda 'ya'yansa suka ɗauki maganar, don su ma suna iya zama irina. A yi gwajin jini kamar kowane aure, tsufa ba ya hana cuta. A faɗi gaskiyar hawan jini da ciwon suga tun farko, kowa ya san abin da zai ɗauka. Abin da ta mallaka a rubuta shi da sunanta.

Wurin zama ma ba dole ne ya zama rigima ba. Kakanninmu sun san auren ɗauki sandanka, inda mace ke zaune a gidanta miji yana zuwa. Idan ba ta son barin ɗakinta da jikokinta, ana iya shirya haka da yardar su biyun. Idan kuma ta zaɓi tarewa, ku kai ta da mutunci, da gara daidai ƙarfinku. Mijin nata ku gaishe shi a durƙushe, ku ce masa Baba ko Alhaji, kada ku bari 'ya'yanku su ji kuna yi masa wani laƙabi.

Kada kuma ku jira ta furta. Uwar da ta tashi cikin alkunya za ta mutu da maganar a ciki, kuma idan kun tambaye ta kai tsaye cewa za ta yi ita da aure har abada. Bayan ta fita takaba, hankali ya kwanta, ku sami ƙanwarta ko aminiyarta, wadda suke ƙus-ƙus tare. Ku ce, "Inna, ki gaya wa Hajiya idan wani mutumin kirki ya fito kuma ranta ya kwanta da shi, mu ba mu da ja, mu ne ma za mu tsaya." Ku haɗa da ƙannenku mata a shawarar, domin su suka fi sanin abin da take ɓoyewa, kuma a gidanmu su ne suka yi shiru don kada su saɓa wa yaya.