Kwaɗona ya kayar da zomo

Jama'a, yau gadon bayan kwaɗon nan da nake zanawa ya fito! Ina nufin kwaɗon wurin kokawa a naɗi na farko na Choju-giga (tsohon zanen dabbobi na Japan a kan doguwar takarda da ake naɗewa), wanda ya ciji kunnen zomo sannan ya yi jifa da shi. Masu kwaikwayon zanen nan sun san abin da ya sa nake murna haka.

Abin da ya hana ni sakat shi ne layin da ya taso daga wuya ya sauka zuwa cinya. Jan buroshi ɗaya ne. Yana farawa siriri, ya yi kauri a kafaɗa, ya sake kankancewa. In ka yi sauri, layin ya miƙe sambal, kwaɗo ya koma mutum sanye da rigar kwaɗo. In ka yi a hankali, takardar ta tsotse tawada ta baje, gadon bayan ya yi gashi-gashi. Haka na yi ta ɓata takardar washi, wato takardar gargajiya ta Japan, da na sayo daga waje, wadda kuɗin kawota ya fi kuɗinta. Kowace na yar sai na ji ta har raina.

Maganin ya fito ne daga dosa, ruwan da masu zanen Japan ke shafa wa takarda don kada ta sha tawada: danƙon fata da ɗan alif. Na haɗa nawa da jalatin (tataccen danƙon fata) da alif ɗin da ake tace ruwa da shi, na shafa sama-sama, na bari ya bushe. Kada ku cika alif, takarda ba ta son shi da yawa. Yanzu ina iya dakatawa a kafaɗa, in danna, in ɗaga a hankali, kuma motsin daga gwiwar hannu yake tafiya.

Da layin ya zauna na ga yadda mai zanen ya yi tunani. Bai ba kwaɗon fuskar mutum ba, bai sa masa tufa ba. Ido na kwaɗo, yatsu na kwaɗo, gwiwoyi a buɗe. Mutuntakar duk a tsayuwa take, a inda ya dasa nauyinsa kamar ɗan kokawar da ya gama aiki. Ga kuma 'yan layukan nan da ke fita daga bakinsa kamar hayaƙi, ihun nasara ba da harafi ko ɗaya ba.

Shi ya sa nake jinjina wa aikin. Naɗi 4 ne, mallakar haikalin Kozan-ji na Kiyoto, daga ƙarni na 12 zuwa na 13. Na farkon ya haura mita 11, baƙar tawada zalla, babu rubutu. An daɗe ana jingina shi ga malamin addinin Buda Toba Sojo, wanda ya rasu a 1140, amma masana ba su haɗu a kan hakan ba. Ni dai ina tare da masu ganin shaguɓe a ciki: ƙaramin kwaɗo ya kayar da wanda ya fi shi tsawo, can gaba kuma biri cikin rigar malamai yana addu'a gaban kwaɗon da ya harɗe kamar gunkin Buda.

Birin nan nake so in shiga yanzu, ko da yake ban gama zomon da ke ƙasa ba. Ninkin rigarsa na buƙatar buroshi mai ɗan bushewa, kuma a kan takarda mai dosa tawadar tana daɗewa a sama ba ta kama ba. Wanda ya gwada rage ƙarfin dosa don irin wannan layin, don Allah ya faɗa mini yadda ya auna ruwan.